Yadda Za Ka Sami Natsuwar Yin Addu'a Ko da Hidimomi Sun Yi Maka Yawa

Kiristoci da yawa da ke kukan sun kasa yin addu'a suna ɗora laifin a kan ƙarancin bangaskiya, alhali sau da yawa matsalar tana wani wuri dabam. Mutum zai durƙusa, ya rufe ido, ya fara Addu'ar Ubangiji, kafin ya kai ga roƙon abincin yini hankalinsa ya riga ya tafi wurin saƙon da bai amsa ba, da bashin da ke wuyansa, da maganar da wani ya yaɓa masa jiya. Ya ce "amin" ya tashi, bai san abin da bakinsa ya faɗa ba. In haka ta yi ta faruwa sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba mai addu'a ba ne, ya bar wa fasto da dattawa.

Tun daga farko ya kamata a gyara fahimta ɗaya. Natsuwa cikin addu'a ba ta nufin kai ya zama fanko, babu tunani ko ɗaya. Ƙwaƙwalwar mai rai ba ta daina aiki. Mai natsuwa shi ne wanda in hankalinsa ya tafi yakan lura, ya dawo da shi gaban Allah ba tare da faɗa da kansa ba, in ya sake tafiya ya sake dawo da shi. Wannan dawowar abu ce da ake koya, kuma tana da shiri. Hayaniya iri biyu ce ke hana ta: ta waje, wadda ake magancewa da tsarin lokaci da wuri, da ta cikin zuciya, wadda ta fi wuya, kuma a kanta za mu fi tsayawa.

Lokaci

Duba Markus sura 1 daga aya 21. A yini ɗaya a Kafarnahum Yesu ya koyar a majami'a, ya fitar da baƙin aljani, ya warkar da surukar Saminu, da faɗuwar rana kuma duk garin ya taru a ƙofar gidan da marasa lafiya. Aya 35 ta ce da asuba, tun da sauran duhu, ya tashi ya fita zuwa wurin da babu kowa ya yi addu'a. Ko can ɗin ma sai da Saminu da abokansa suka bi sawunsa suna gaya masa kowa na nemansa. Ka ga ke nan aikin bai ragu ba kafin ya yi addu'a, shi ne ya yanki lokacin daga cikin aikin. Daniyel ma babban ma'aikacin gwamnati ne, amma sau uku a rana yake durƙusawa a ɗakinsa na bene, kuma Daniyel 6:10 ta nuna abin da ya saba yi ke nan tun kafin a kafa dokar da ta hana.

Saboda haka kada ka ce za ka yi addu'a "in ka sami sarari". Sarari ba ya zuwa da kansa. A 1535 Martin Luther, malamin Kirista ɗan Jamus, ya rubuta wa wanzaminsa, mai suna Peter, wasiƙa kan yadda ake addu'a, ya gargaɗe shi game da tunanin nan da ke cewa bari in gama wannan aikin tukuna, nan da awa ɗaya zan yi. Awar ba ta zuwa.

Zaɓi lokaci guda, ka jingina shi da wani abu da kake yi kullum ba fashi: da zarar ka wanke fuska da safe, ko da zarar yara sun fita makaranta, ko da zarar ka dawo daga aiki ka sauya kaya. Jingina shi da aiki ya fi ɗaure shi da agogo, don ranar da ka makara agogon zai wuce ka, amma wanke fuska yana nan.

Fara da minti 10. Bayan mako biyu ko uku, in ya zauna, ka kai shi 15, daga baya 20. Wanda ya ɗauki alkawarin awa guda tun ranar farko yawanci ba ya kai mako bai watsar ba, kuma kunyar watsarwar takan hana shi sake gwadawa. Dokar da Benedict ya rubuta wa sufayensa a Italiya a ƙarni na 6 ma cewa ta yi addu'a ta zama gajeriya kuma tsarkakakkiya, sai dai in alherin Allah ne ya tsawaita ta.

Addu'ar safe tun da dare ake shirya ta. Baligi yana buƙatar barcin aƙalla awa 7. In ka kwanta ƙarfe 1 na dare kana latsa waya, ka sa ƙararrawar ƙarfe 5, to gyangyaɗi ka shirya wa kanka. Mai aikin dare, ko mai jego da jariri ke tashe ta sau uku kafin gari ya waye, kada su ɗaura wa kansu asuba dole. Su nemi lokacin da suka fi wartsakewa, ko da rana tsaka ce. Babu ayar da ta ce Allah ya fi jin addu'ar ƙarfe 4.

Wuri, da batun waya

A Matiyu 6:6 Yesu ya ce ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa. Ba kowa ke da ɗakin da zai rufe shi kaɗai ba, kuma wannan ba hujja ba ce. Abin da ake buƙata wuri ne guda da za ka riƙa komawa: kujera ɗaya a kusurwar ɗaki, gefen gado, cikin mota kafin ka shiga wurin aiki, ko bencin baya a coci in ana barin ƙofa a buɗe tsakiyar mako. Amfanin maimaita wuri ɗaya shi ne jiki yana saurin sabawa. Bayan 'yan makonni zama a wurin kaɗai zai fara kwantar maka da hankali. Ka guji kan gado a kwance, don jiki ya riga ya san abin da ake yi a nan.

Ka ajiye abu uku a wurin tun da dare: Littafi Mai Tsarki da alama a shafin da za ka karanta, ƙaramin littafin rubutu, da biro. In sai da safe za ka fara neman biro, ko tunanin wace sura za ka buɗe, minti biyar sun tafi kuma hankali ya watse.

Gaya wa mutanen gida a fili, kada ka bar su su yi ta hasashe. Miji zai iya cewa matarsa, "Maman yara, daga ƙarfe shida zuwa shida da kwata ki taimaka ki riƙe su, in na gama ni ma zan karɓe ki ki yi taki." Ƙaramin yaro kuwa ka nuna masa agogo ka ce, "In dogon hannun nan ya kai kan uku, zan zo." In duk da haka ya shigo da kuka, ka ɗauke shi, ka ci gaba da addu'ar da shi a cinya. Tsawata wa yaro don ya katse maka addu'a yana rushe abin da ka zauna nema.

Sai waya. A ra'ayinmu ita ce babbar mai cinye natsuwar mutanen wannan zamani, kuma sa ta a shiru bai isa ba. Muddin tana kusa da hannunka, wani ɓangare na hankalinka yana jiran ta haska. Ka bar ta a wani ɗaki, ko ka sa ta a yanayin jirgin sama ka kife ta inda sai ka tashi kafin ka ɗauko. Mafi muhimmanci, kada ka buɗe saƙonni ko labarai kafin addu'a. Saƙo ɗaya daga wurin aiki ya isa ya cika maka minti 15 ɗin da shirya amsa. Masu karanta Littafi Mai Tsarki a manhajar waya su gane cewa a wannan lokacin na takarda ya fi, don shafin takarda ba ya kawo sanarwar WhatsApp. In kana son sanin lokaci ya cika, sa ƙararrawa mai taushin sauti tun kafin ka fara, don kada ka yi ta ɗaga ido kana duba agogo.

Jiki

Lokacin da Iliya ya gudu daga Yezebel ya zube a ƙarƙashin wani itace yana roƙon mutuwa, abin da Allah ya fara yi masa shi ne ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika ya ba shi abin ci da ruwa har sau biyu. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, bayan iska da girgizar ƙasa da wuta sun wuce, ya ji murya 'yar siririya. Labarin yana 1 Sarakuna 19. Jikin da ya gaji ko yake ciwo ba zai bar zuciya ta natsu ba.

Zauna da baya a miƙe ba tare da ƙanƙamewa ba, tafin ƙafa biyu a ƙasa, hannuwa a kan cinya. Durƙusawa tana da kyau in gwiwa za ta ɗauka, amma in bayan minti uku tunaninka duk ya koma kan zafin gwiwa, zauna. Saki kafaɗu, saki muƙamuƙi, don a nan ne mutane suka fi tara gajiya ba su sani ba.

Baligi a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Ka rage shi na ɗan lokaci: shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu a zuci, fitar a hankali kana ƙirga shida. Yi haka sau shida zuwa takwas. Fitar da numfashi a hankali yana rage saurin bugun zuciya, shi ya sa ake tsawaita shi fiye da shaƙa. In ka ji jiri, ka yi yawa ne, koma numfashinka na kullum. Wannan ba addu'a ba ce, share fage ne kawai, kuma minti ɗaya ko biyu sun isa.

Yadda za ka raba minti 15

Minti biyun farko na zama ne da numfashi, sannan ka faɗi jimla ɗaya da ke tuna maka gaban wa kake, kamar, "Ya Uba, ga ni, kai ma kana nan." Sufayen hamadar Masar na ƙarni na 4 suna kwatanta zuciya da ruwan da aka zuba a kwano ya gurɓace: in ka ci gaba da motsa shi ba za ka ga komai ba, in ka ajiye shi ya kwanta za ka ga fuskarka a ciki. Kada ka yi mamaki in mintunan farko suka fi kowane lokaci hayaniya. Hayaniyar tana nan tun da, yanzu ne dai ka yi shirun da za ka ji ta.

Minti biyar na gaba na karatu ne. Ɗauki ɗan gajeren nassi, aya biyar zuwa goma, ba sura uku ba. Wannan ba lokacin nazari ba ne, ba kuma lokacin shirya wa'azi ko darasin da za ka koyar ran Lahadi ba. Karanta sau biyu ko uku, aƙalla sau ɗaya da leɓe yana motsi ko da muryar ba ta fita, kamar yadda Hannatu ta yi addu'a a 1 Sama'ila 1:13. Motsin leɓe yana rage gudun ido, kuma yana riƙe hankali fiye da karatun zuci. Zabura 23, 27, 62, 121, 130 da 131 wuraren farawa ne masu kyau, ko ka bi Bishara ɗaya kaɗan-kaɗan daga farko har ƙarshe, wanda zai raba ka da tambayar "yau ina zan karanta". In wata kalma ko jimla ta tsaya maka a rai, tsaya a nan. Ba dole ka kai ƙarshen nassin ba. Wannan tsari tsoho ne. Wani sufi a Faransa mai suna Guigo ya tsara shi mataki huɗu a ƙarni na 12: karatu, bimbini, addu'a, sannan zama shiru a gaban Allah.

Minti huɗu kuma ka amsa wa Allah daga abin da ka karanta. Wanda bai san me zai ce ba zai iya bin hanyar da Luther ya koya wa wanzaminsa, wato ya yi wa ayar tambaya huɗu: me take koya mini, me zan gode a kai, wane zunubi ta tona mini, me zan roƙa. A ce ka tsaya a kan Zabura 23:2, inda makiyayi ke kai tumaki bakin ruwa mai kwanciya. Koyarwar ita ce shi ne mai kaiwa, ba kai ba. Ka gode don wurin da ya hutar da kai a makon nan. Ka furta cewa kana ta gudu kamar komai a wuyanka yake. Ka roƙi ikon ajiye aiki a kan lokaci yau. Luther ya ƙara da cewa in ana cikin haka wani tunani mai albarka ya buɗe, a bar sauran matakan a saurara, kada a ce dole sai an cika tsari.

Minti uku na shiru ne. Ba ka roƙon komai, ba ka karanta komai. Nan ne mutane suka fi rikicewa, don ba su san inda za su ajiye hankali ba. Ba shi abin riƙo: gajeriyar jimla daga Nassi da za ka koma mata duk lokacin da ka ga ka yi nisa. John Cassian, wanda ya zauna shekaru da sufayen Masar kafin ya kafa gidajen sufaye a Marseille wajen shekara ta 415, ya ba da shawarar ayar farko ta Zabura 70, roƙon Allah ya yi hanzarin ceto da taimako. Kiristocin Otodoks sun riƙe "Ya Ubangiji Yesu Almasihu, Ɗan Allah, ka yi mini jinƙai", wadda tushenta ke cikin roƙon mai karɓar haraji da na makahon Yariko, duka a Luka 18. Wasu sukan ce wannan ai shi ne maimaitawar banza da Matiyu 6:7 ta hana. Abin da ayar ta hana shi ne tara kalmomi da zaton yawansu ne zai sa a ji ka. Yesu kansa a Getsamani sau uku ya yi addu'a da magana ɗaya, in ji Matiyu 26:44. Ba ƙirgawa za ka yi ba. In hankali yana wurin, yi shiru. In ya tafi, faɗi jimlar sau ɗaya ko biyu ka dawo.

Minti na ƙarshe ka rufe da Addu'ar Ubangiji a hankali, ka ɗan dakata bayan kowane roƙo. Kada ka zabura ka miƙe.

Tunanin da ke kutsowa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki kowane tunani a matsayin abokin gaba a yi ta kokawa da shi. Wanda ke ce wa kansa "kada in tuna aiki" aikin yake tunawa. Tunanin ba iri ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba.

Akwai na aiki: kiran da ba ka yi ba, takardar da za ka kai, maganin da za ka saya. Waɗannan suna dawowa ne don ƙwaƙwalwa tana tsoron mantuwa. Rubuta shi da kalma biyu ko uku a littafin nan da ke gefenka, ka ajiye biro, ka koma. Da zarar ya shiga takarda yawanci yakan saki mutum. In kana da irinsu da yawa, yi minti biyu kafin ka fara ka juye su duka a shafi ɗaya. Amma kalma uku kawai. In ka fara tsara yadda za ka yi aikin, ka bar addu'a ka buɗe ofis.

Akwai damuwa ta gaske: ɗa marar lafiya, aikin da ke rawa, aure da ya yi tsami. Wannan ba katsalandan ba ne, shi ne abin da ya kamata ka yi addu'a a kai. In abu ɗaya ya dawo sau uku, ajiye nassin ka faɗa wa Allah shi da sunansa, dalla-dalla, har da abin da kake tsoron zai faru. Filibiyawa 4:6-7 ta sa salama a bayan sanar da Allah roƙe-roƙe tare da godiya, ba a gabansa ba. Alamar da za ka gane ka zame daga addu'a zuwa saƙe-saƙe ita ce ka daina cewa "kai" ga Allah, ka koma magana da kanka.

Akwai fushi da laifi. In duk lokacin da ka yi shiru fuskar mutum ɗaya ce ke fitowa, kana ta shirya abin da ya kamata ka gaya masa, babu dabarar numfashi da za ta kawar da wannan. Matiyu 5:23-24 ta ce in kana miƙa baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna. In kai ne da laifi, rubuta ranar da za ka neme shi, ka cika. In shi ne ya cuce ka, ka ambaci sunansa a gaban Allah ka roƙa masa alheri guda takamaimai, ko da zuciyarka ba ta so. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci fiye.

Sauran kuwa shirme ne kawai: waƙar da ta maƙale a kai, wasan jiya, hoton da ka gani. Kada ka bincika daga ina suka fito, kada ka tsawata wa kanka. Lura, ka koma kan jimlarka. Haka ma mummunan tunani da kan faɗo wa mutum ba zato, na batsa ko na saɓo, wanda ke firgita masu tsoron Allah har su daina addu'a. Faɗowar tunani dabam, amincewa da shi dabam. Firgitar ce ke ba shi ƙarfi. Ko sau 30 ka dawo cikin minti uku, addu'a ka yi.

In abin ya ƙi tafiya

Barci shi ne na farko. Almajirai uku na kurkusa ma sun yi shi a Getsamani. In sau ɗaya ne, gajiya ce. In kullum ne, sauya wani abu: buɗe ido ka kafa shi wuri ɗaya a ƙasa, tsaya a tsaye, karanta da murya, kunna fitila ko buɗe taga, ko ka yi addu'ar kana tafiya a hankali. In duk ba su yi ba, lokacin kwanciyarka ne ke buƙatar gyara.

Na biyu bushewa. Makonnin farko sukan yi daɗi, daga nan sai komai ya zama salam, ba ka jin komai, minti 15 kamar awa. Evagrius, sufin da ya rasu a Masar a 399, ya siffanta wannan hali sarai: mutum yana ta leƙa taga yana duban rana, yana ganin kamar ba ta motsi, yini ya zama mai awa 50, sai ya fara ƙin wurin da yake yana tunanin da wani wuri ne da ya fi. Teresa ta Avila, wata sufiya a Spain wadda ta rayu daga 1515 zuwa 1582, ta faɗa da kanta cewa shekaru da yawa ba ta iya fara addu'a sai da littafi a hannu, kuma sau da yawa jiran bugawar agogo take yi. Shawarar Ignatius na Loyola, malamin addu'a ɗan Spain, a nan ita ce kada ka sauya shawarar da ka yanke lokacin da zuciyarka ke da haske a lokacin da take cikin duhu, kuma in ka ji kamar ka rage lokacin addu'ar, ka ƙara masa kaɗan. A aikace, in ƙararrawa ta buga a ranar bushewa, ƙara minti ɗaya. Kada ka auna addu'a da abin da ka ji a cikinta. Duba bayan wata biyu ko uku: yaya kake amsa wa wanda ya ɓata maka rai, yaya kake kwana da damuwa.

Na uku fashi. In ka rasa kwana ɗaya ko huɗu, kada ka ce za ka rama da awa guda. Koma kan minti 10 ɗinka washegari. Ka kuma tanadi mafi ƙanƙantar abin da ba za ka bari ba ko a ranar da komai ya rikice, misali Zabura 131 (aya uku ce kacal) da Addu'ar Ubangiji. Da babu gara ba daɗi.

Akwai kuma wanda ba a cika faɗa ba: hidimar ikilisiya kanta. Mutum yana cikin mawaƙa, yana kwamiti biyu, yana koyar da yara, kowane maraice yana coci, amma ya yi wata bai zauna shi da Allah su kaɗai ba. Marta ma Yesu take yi wa hidima lokacin da ya ce mata tana damuwa da abubuwa da yawa. A Markus 6:31 manzanni sun dawo daga aikin da shi ya aike su, mutane na ta kai da kawowa har ba su da zarafin cin abinci, sai ya ce su zo wurin da babu kowa su ɗan huta. In jadawalinka ya cika da taro har ba ka da minti 15, ajiye ɗaya daga cikin muƙaman. Ka je wurin shugabanku ka ce, "Baba, ina roƙon a ɗauke mini wannan na wata shida." Shugaba mai hankali ba zai ƙi ba.

A kula da abu biyu. Kada ka zauna kana farautar murya ko wahayi. In wani abu ya zo maka da ƙarfi kamar umarni, musamman mai taɓa aure, aiki, kuɗi ko zargin wani, gwada shi da Nassi kamar yadda 1 Yahaya 4:1 ta ce, ka kuma kai shi gaban mai bi da ya manyanta kafin ka aikata. Sannan ga wanda ya sha wata azaba ko babban rashi, shiru yakan tono abin da aka binne: bugun zuciya, rawar jiki, hotunan abin da ya faru. In haka ta faru, buɗe ido, taka ƙasa da ƙarfi, karanta Zabura da murya, ka rage shirun zuwa minti ɗaya ko ka bar shi tukuna. In baƙin ciki, rashin barci ko fargaba suka wuce mako biyu suna hana ka harkokinka, ka je ka ga likita ko ƙwararren mai ba da shawara, ka kuma sanar da fastonka ko fada. Neman magani ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Sauran yini

Minti 15 na safe ba za su iya ɗaukar awa 16 na guje-guje su kaɗai ba. Nehemiya 2:4 ta nuna sarki ya yi wa Nehemiya tambaya, ya yi addu'a ga Allah na sama, sannan ya amsa, duk a tsakanin tambaya da amsa. Brother Lawrence, wanda ya rasu a 1691, ya yi shekara kusan 15 a ɗakin girkin gidan sufaye a Paris, aikin da ba ya so, kuma a nan ya saba da juyawa ga Allah da gajerun kalmomi yana tsakiyar aiki. Zaɓi mahaɗa uku a yininka, misali kafin ka fara aiki, tsakar rana, da kafin ka shiga gida da yamma. A kowace ka tsaya na daƙiƙa 30, numfashi biyu a hankali, ka faɗi jimlar da ka riƙe da safe. Ta kafin shiga gida ta fi muhimmanci ga mai iyali, don ita ke hana ka juye wa mutanen gida abin da aka yi maka a waje.

Da dare, minti biyar kafin ka kwanta, kana zaune ba a kwance ba, bi tsarin binciken zuciya da Ignatius ya koyar. Gode wa Allah don abu biyu ko uku takamaimai na yau. Roƙi haske ka ga yinin yadda yake. Bi shi daga safe zuwa dare, kana lura da inda ka natsu da inda ka fusata ko ka ruɗe, da abin da ya jawo. Roƙi gafara inda ka kasa, a taƙaice, ba tare da dukan kai ba. Sannan ka dubi gobe ka roƙi taimako kan abu ɗaya da ka san zai yi wuya. In ka gama, sa alama a nassin gobe, ka kai waya wurin caji a wajen ɗakin kwana, ka kashe fitila a lokacin da zai ba ka awa 7 kafin ƙararrawa ta buga.